Ƙishirwar Baffan Gatawa

Har na gama sakandare ban san sunansa na yanka ba. Mu yaran gidan Malam Abbas a Isa, Baffan Gatawa muke ce masa. Matarsa Gwaggo Basira, ƙanwar mahaifina, in za ta ambace shi sai ta ce "shi", kowa kuma ya gane wanda take nufi. Kakanmu Malam Abbas kuwa "ɗana na daji" yake kiransa. Sai ranar da ciwo ya kai mu asibitin garinmu, muna zaune a kan benci mu uku, malamar asibiti ta leƙo ta ce, "Jibrilla Yari!"

Ba wanda ya tashi. Ta sake kira, wannan karon da faɗa-faɗa. Na waiga dama da hagu ina neman mai sunan, har ina jin haushinsa don yana ɓata mana layi. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke Mardiyya, shi anka kira."

Shi kuwa yana duƙe, hannu ɗaya dafe da kwiɓi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Daga baya ya ce mini shi ma sai da ya yi ɗan tunani, don rabonsa da jin sunan nan a bakin mutum tun ranar ɗaurin aurensa.

An haife shi a wata ruga tsakanin Gatawa da Burkusuma, inda mutum zai bi saniya ya tsinci kansa a Nijar bai sani ba. Mahaifinsa na kiwo yana kuma taɓa noma, shi ya sa Baffa ya tashi da sanda da hauya, da Fillanci da Hausa. Da rani sukan sauke shanunsu a gonakin mutanen Gatawa su zuba taki, masu gona su aika musu da damin gero. A irin wannan zaman ya ga Gwaggo, lokacin tana riƙo wurin wata 'yar'uwar kakarmu. An ce ita ta fara tsokanarsa, ta ce sandarsa ta fi shi ƙiba. An ce kuma ita ta aiko gida cewa in ba shi ba, a bar ta ta tsufa a ɗaki. Kaka ya yi bincike, ya ba shi. Baffa ya gina gida a Gatawa, yana noman gero da dawa, shanunsa na bayan gari.

Ina yarinya yakan zo gaisuwa bayan kowace Sallah, da gorar nono da man shanu a ƙaramar ƙwarya. Tun daga nesa zai cire takalmi. Zai durƙusa a bakin zaure ya gaida Kaka, kansa a ƙasa, bai taɓa wucewa cikin gida ba. In an aiko mu da ruwa sai ya taɓa kwanon da yatsa ya ce ya sha a hanya. Kafin azahar ya juya. Dukanmu mun san mutum ba ya ci ba ya sha a gaban surukansa, Hausawa ma suna yi, amma nasa ya wuce na kowa. Fulako ake ce wa irin wannan kunyar ta Fulani. A lokacin abin bai dami kowa ba, tunda zuwan na rabin yini ne.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙasar Sabon Birni, suka kore masa shanu kaf, suka cinna wa rumbunsa wuta. Ya ɗauko Gwaggo da yaransu a kan babur biyu suka iso Isa da kayan jikinsu. Suka tarar gidanmu ya riga ya cika da dangin da suka gudo daga wasu ƙauyukan. Gwaggo da yara suka shiga ɗakin kakarmu, Inna Larai. Shi kuma Kaka ya ce ba za a ajiye surukinsa a rumfa kamar baƙon kasuwa ba, ya raba ɗakinsa na jikin zaure biyu ya ba shi rabi. Kowa ya yaba. Ni ma na yaba.

Fita gari kuwa ba ta yi masa daɗi ba. Mutum mai kama irin tasa, dogo, siriri, in ya tsaya a bakin kasuwa sai a fara tambayarsa daga ina, wurin wa. Shi aka kore wa shanu, amma fuskarsa ake zargi. Sai Kaka ya ce ya zauna kusa da shi, ba wanda zai taɓa shi. Idon Kaka ya riga ya yi rauni, ya sami abokin hira kuma mai riƙe masa hannu zuwa masallaci. Daga asuba har kwanciya suna tare.

Batun abinci an san yadda ake yi. In an kawo kwano, Kaka zai ce a kama shi ya shiga ciki ya ga Inna, ya ba Baffa wuri ya ci. Wannan ba wanda ya manta. Amma ruwa ba shi da lokaci irin na tuwo, ba wanda ya yi tunanin a tashi a ba mutum wuri don ya kurɓi ruwa.

Da bazara ta kama, zafin nan da ke sa kwanon rufi ya riƙa ƙara shi kaɗai, ciwo ya kayar da shi. Ya ce kamar an soka masa ƙaho a baya ana murzawa har mara. Ya yi amai, fitsarinsa ya yi ja. Da safe a kewayen masallaci wata 'yar tsakuwa ta fito masa, baƙa-baƙa mai ƙaiƙayi, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ya wanke ta ya naɗe a ganye. Ranar ce muka je asibiti, aka sa ni rakiya don ni ce mai boko a gida.

Mun taki sa'a, ko kuwa haka na ɗauka. Wasu likitoci sun zo daga Sakkwato suna bincike a kan tsakuwar ƙoda, don sun ce masu ita suna yawan zo musu daga ƙasarmu, suna so su san da me ake gina ta. Babbarsu wata mace ce, Likita Halimat, mai saurin magana, da tabarau a saman goshi. Da Baffa ya warware ganyen sai ta yi murna kamar an kawo mata tsaraba. Ta sa aka shafa masa wani abu mai yauƙi a baya aka ɗora na'urar hoto, ta nuna mini wani farin ɗigo a allon. Ta ce wannan wata ce, tana zaune a ƙodar hagu, ta fi wadda ta fito girma. In ta ƙara girma ta toshe hanya, ƙodar na iya lalacewa, sai dai a kai shi Sakkwato a yi aiki.

Na tambaye ta daga ina tsakuwa take shiga cikin mutum. Ta ce ba shiga take yi ba, a ciki ake yin ta. Ta ce irin wannan ana kiranta kalsiyam okzalet. Rabin sunan na sani tun makaranta, kalsiyam shi ne abin da ke cikin ƙashi da nono. Ɗaya rabin ban taɓa ji ba. Ta ce okzalet yana cikin ganye irin su alayyafo da yakuwa, da gyaɗa, da baƙin shayi. In su biyun suka haɗu a hanji sai su riƙe juna su fita ta bayan gida, lafiya lau. In kuwa a ƙoda suka haɗu, ruwa kuma ya yi ƙaranci, sai su daskare, kamar farin abin nan da ke kama gindin tukunya in ruwanta ya ƙone. Don haka kada ya daina shan nono, ya sha shi tare da abinci, ya rage shayi da gishiri. Amma uwa uba, ruwa. Ya sha har fitsarinsa ya koma fari.

Sannan ta ɗiga fitsarin a kan ɗan gilashi, ta sa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce in leƙa. Baffa ya juya fuska bango. Na leƙa, na ga wasu 'yan abubuwa masu kusurwa huɗu suna sheƙi, kowanne da layi biyu sun gitta juna a tsakiya, sak laya da aka naɗe ba a kai ga ɗinke ta da fata ba. Ta ce su ne 'ya'yan tsakuwar.

Da muka koma gida na tsaya a tsakar gida ina bayani, Inna Larai na kan tabarma, Kaka na jingine a ƙofar zaure yana saurare. Na faɗi komai yadda na ji. Amma kowa sai ya tsinci abin da ya yi masa ya bar saura.

Inna ta ce, "Tsakuwa cikin mutum? To ta ina tas shiga in ba ta baki ba?" Ta juya wurin Gwaggo. "Tun kina ƙarama nike hwaɗa miki ba ki iya rege gero ba. Kin ga abin da kinka ja ma bawan Allah. Shekara da shekaru kina ɗura mai tsakuwa!"

Na ce, "Inna, likita tac ce a ciki aka yin ta."

"Cikinai maƙera ta? Rufa mini baki, 'yar boko."

Gwaggo ta tashi ta ɗauko ƙwarya. Daga ranar ta shiga rege gero, ta rege ta sake regewa, har yatsunta suka yi fari suka tattare.

Kaka kuwa maganar laya ya kama. "Ke amaryata, zo nan. Laya kinka ce? Da idonki kinka gani?" Na ce kama ce kawai. Ya girgiza kai ya ce waɗanda suka kore wa mutum shanu ba za su rasa yi masa jifa ba. Ya aika wurin wani malami abokinsa a fara yi wa Baffa rubutun sha.

Nono ma bai tsira ba. Inna ta ji na ce kalsiyam na cikin nono, sai ta hana a dama masa fura, aka koma aika masa zoɓo da shayi, wai su wanke ciki. Na ce likita ta ce kada a hana shi nono.

Inna ta ce, "Ke kinka ce abin da ka yin dutsen shina cikin nono. Yanzu kuma kin ce nono ka hana shi. Wace za mu ɗauka?"

Na buɗe baki za ni yi bayanin hanji da ƙoda, sai na ji ni ma ya kwance mini. Na ga kamar gaskiyarta. A asibiti maganar a miƙe take, a tsakar gida ta lanƙwashe. Haka aka janye furar nan, wadda ita ce kaɗai ruwan kirki da ke shiga cikinsa.

Cikin abin da masu binciken ke so har da fitsarin mutum na yini da kwana, a tara shi wuri ɗaya su auna. Suka ba Baffa farar jarka. Ban san yadda ya yi da ita ba, na dai gan ta a buhu a ɓoye cikin karan da ke bayan ɗakin Kaka. Da muka mayar, Likita Halimat ta ɗaga jarkar ta duba. Abin da ke ciki da ƙyar ya rufe gindinta, launinsa kamar shayin da ya kwana.

Ta ce, "Ya zubar da saura ne? Ko ba ki yi masa bayani da kyau ba?"

Na ji kunya. Na sake yi masa bayani, ya ce ya gane. Aka ba shi wata jarkar. Ta dawo kamar ta farko.

Likita ta sauke tabarau ta dube shi. "Baba, kana shan ruwa kuwa?"

"Alhamdu lillahi."

"Kamar kofi nawa a yini?"

"Gidan Malam ba a rasa ruwa ba."

Ta juyo gare ni. "Me yake nufi?"

Na ce, "Yana nufin akwai ruwa a gida."

"Na san akwai. Yana shiga cikinsa?"

Wannan kam ban sani ba. Ni ce ke kai ruwa zaure kullum, kwanon kuma yakan dawo babu komai. Ban taɓa tsayawa na ga wa ke shanyewa ba.

Washegari na kai ruwan randa mai sanyi, na ƙi tafiya, na tsaya ina tsokanar Kaka wai ya tsufa za ni sake miji. Ya sha ya yi gyatsa, ya tura kwanon wajen Baffa ya ce bismilla. Baffa ya taɓa bakin kwanon da yatsa ya ce, "Na gode, Malam, ban jin ƙishi." Leɓensa kuwa ya bushe har ya tsage. Kaka ya yi dariya ya ce, "Kin gani? Bafillace na asali. Wata nawa muna tare, ban taɓa jin ƙarar maƙogwaronai ba. Ku 'ya'yan yanzu kuna shan ruwa awa tumaki." Ya jawo kwanon ya shanye sauran.

Na tarar da Gwaggo a bakin turmi tana regewa, na gaya mata abin da na gani. Ba ta ɗago ba.

"To mi kike so shi yi? Shi ɗaga kwano shi buɗe baki gaban Baba?"

"Gwaggo, kin sani ke nan?"

"Ai shina sha in ya ci abinci."

"To geron nan da kike ta wankewa hwa?"

"Bar ni in yi aikina, Mardiyya."

Har yau ban san ko ta yarda da maganar Inna ba ce, ko kuwa ta ga ɗaukar laifin ya fi sauƙi a kan ɗayar maganar.

Shi kansa na same shi wata rana muna dawowa daga asibiti, a gindin wata bishiyar bedi, ba kowa kusa. Na sayo ruwan leda na miƙa masa. Ya juya baya ya shanye, na ƙaro ya shanye. Na ce to me zai hana ya riƙa yin haka a masallaci, ya cika ciki kafin su dawo zaure. Ya yi murmushi ya ce, "Ɓingel," haka yake ce mini, wato yarinya da Fillanci, "shan ruwa ba wuya. Hitassa ita ta da wuya. In na sha yadda likitarki ka so, za ni ta tashi ina barin Malam. Duk tashi sai ya ce, ina za ka? In ce mishi mi? In na shiga ciki, Inna na zaune bakin hanyar kewaye. In na hita waje na tsuguna jikin katanga, a ce ga wani Bafillace na leƙen gidaje." Ya ce a daji ma sukan yini ba ruwa, amma da yamma ga ƙwaryar nono ga gulbi, mutum ya sha ya koma bayan kalgo ba mai tambayarsa.

Abu ɗaya na lura yana sha a gaban Kaka, shi ne rubutun nan. Kaka ne ke miƙa masa da hannunsa ya ce ya shanye, ayar Allah kuma ba a mayar da ita. Sai Baffa ya juya fuska bango ya sha. Ni ce ke karɓo rubutun daga gidan malamin. Sai na fara ƙara masa ruwa. Daga ɗan kofi ya koma kwano, daga kwano ya koma babbar ƙwarya. Wata rana Kaka ya ɗaga ya ji nauyi ya ce, "Wanga rubutu na ko gulbin Bunsuru?" Na ce malam ya ce jifan mai ƙarfi ne. Baffa ya shanye, ya zauna yana mutsu-mutsu, gumi na keto masa, bai tashi ba har aka kira la'asar. Na ga ban san ko taimakonsa nake yi ko azaba ba. Ba a daɗe ba ma malamin ya ce an kammala, aka daina.

Daga nan sai Kaka ya canza. Da hantsi sai ya laluba bango ya fita shi kaɗai, ya je ya zauna a ƙofar gidan maƙwabcinmu, ya ce kada a bi shi. In Baffa ya tashi zai fita, ya daina tambayarsa ina za shi, sai ya yi kamar yana gyangyaɗi. Ni ban gaya masa komai ba. Ko ya gane da kansa yana ba shi wuri ne, ko kuwa hirar ce ta ishe shi, Allah kaɗai ya sani. Na zaci abin zai gyaru. Ashe Baffa wata fassara ya yi masa. Ya ce da Gwaggo tsoho ya gaji da shi, ko warin ciwo ya dame shi, ko kuwa maganar mutanen gari ta fara shiga kunnensa. Kwanon ruwa na ajiye a gabansa, zaure ba kowa, amma ya zauna yana kallon ƙofa, yana jin in ya sha a bayan idon mai gida ya zama ɓarawon ruwa.

Ciwon ya sake tasowa, bai kai na farko ba amma ya kwantar da shi. Lokacin masu binciken na haɗa kayansu za su koma. Likita Halimat ta sake ɗora na'urar, ta daɗe tana kallo, ta ce farin ɗigon ya ƙaru. Ta ce, "Baba, ba ni da wani magani da ya wuce na randa. Ko ruwa, ko wuƙa." Na so in yi mata bayanin zaure da Kaka, sai na rasa ta inda za ni fara. In na ce an hana shi ruwa na yi ƙarya. In na ce ba a hana shi ba, to me ya hana shi?

Da ruwan farko ya sauka, Baffa ya durƙusa gaban Kaka ya nemi izinin komawa Gatawa ya yi shuka. A lokacin wasu sun fara komawa, wasu kuma an dawo da su a makara. Kaka ya ce bai yarda ba.

"Mi munka yi maka, ɗana? In wani ya hwaɗa maka magana, gaya mini sunanai."

"Ba kowa, Malam. Gona ba ta jira."

"Gona ta hi ranka?"

Baffa ya ƙara sunkuyar da kai. Kaka ya yi ta lalubar kafaɗarsa, hawaye na bin gemunsa. Inna daga ciki ta ɗaga murya ta ce in don tsakuwa ne ai yanzu ana regewa da kyau, ita da kanta take dubawa. Gwaggo ta ɗaure kayanta ta ce inda ya sa ƙafa nan za ta sa. Suka bar mana yaran.

Suna can har yau. Sau biyu suna kwana a daji saboda an shigo gari, sau ɗaya an ƙwace musu babur. Amma masu zuwa kasuwa sun ce kullum za ka gan shi a gona da gora rataye a kafaɗa, yana ɗagawa ba ya kallon kowa. Wani maƙwabci ya ba shi riƙon saniya, suna samun nono. Gwaggo ta taɓa aiko mini saƙo da wata mata, wai in gaya wa likitata "ya yi fari". Matar ta yi ta tambayata mene ne ya yi fari, na ce gero. Ba a sake yi masa hoto ba, don haka ban san ko tsakuwar na nan ba, ko ta tsaya, ko tana girma a hankali. Na taɓa samun Likita Halimat a waya na tambaye ta abin da binciken ya nuna. Ta ce yawancin tsakuwoyin da suka tara irin tasa ne, amma ba su gama tantance nawa ne laifin zafi, nawa ne na abinci, nawa ne na ruwan rijiyoyi ba. Na ce a raina akwai wanda ba zai fito a jarka ba.

Kaka ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Har ya koma ga Allah yakan kira ni ya ce, "Ke da kinka yi boko, mi na ainihin abin da ya kama ɗana?" Ni kuma in ce ruwan rijiyar Gatawa ne, ya daɗe yana taruwa a jikinsa. Sai ya ce, "To ruwan ya cuce shi, shi kuma ya bar gidana ya koma ma ruwan? Ban gane ba." In ce ni ma ban gane ba. Wannan rabin ba ƙarya na yi masa ba.

Amsar nan ba tawa ba ce. Ranar da za su tafi na raka su inda masu babura ke tsayawa. Gwaggo ta riga ta hau, ana ɗaure kaya. Na ja Baffa gefe na ce ni jika ce, ba kunya tsakanina da Kaka, za ni koma yanzu in gaya masa komai, a sake masa ɗaki, a ajiye masa tulu nasa, ya fasa tafiyar nan. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Ɓingel, mutumen nan ya raba ɗakinai biyu ya ba ni rabi ranar da kowa ka gudun irina. Abu guda nika roƙonki. Muddin shina da rai, kada ki bari shi ji cewa ƙishirwa ta kama ni a gidanai. Kuma ki cire gwaggonki daga maganar, ba ta taɓa ba ni tsakuwa ba. In an tambaye ki, ki aza ma rijiyar Gatawa. Ita ba ta da huskar da za ta ji kunya."